Koya wa Ƙananan Yara Duba Ƙamus: Bayani ga Hakimai da Malamansu

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi domin Hakimai da malamansu na ƙasar Sabuwa, da Faskari, da Ƙanƙara, da sauran gundumomin kudancin Katsina. Nufinsa shi ne a bayyana musu yadda a ke koya wa yaro ƙarami duba ƙamus, domin in sun fita rangadi sun sauka a makaranta su san abin da za su tambaya, su kuma gane ko ana yin aikin ko ba a yi.

Dalilin da ya sa wannan magana ta zama wajibi a fili ya ke. A shekarar 2020 an rufe makarantu wata da watanni saboda annobar korona. Ran 11 ga watan Disamba na shekarar kuma 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, har Gwamnati ta rufe makarantun kwana na Jihar na wani lokaci. Rashin zaman lafiya ya tashi ƙauyuka da dama a wannan yanki, yara da yawa kuwa karatunsu ya yi ta yankewa. Yaron da bai san hanyar neman ilmi ba sai daga bakin malami, ran da malami bai zo ba karatunsa ya tsaya ke nan. Amma wanda ya iya buɗe ƙamus ya nemo ma'anar kalma da kansa, yana da malamin da ba ya fashi, ba ya kuma gajiya da tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

MENE NE ƘAMUS?

Ƙamus littafi ne wanda aka tattara kalmomin harshe a cikinsa, aka jera su bisa wani tsari sananne, aka bayyana ma'anar kowace, da yadda a ke rubuta ta, da yadda a ke faɗinta. Sunan ya zo daga Larabci, ma'anarsa ta asali kuwa teku. Wani babban malami, Firuzabadi, wanda ya rasu a Zabid ta ƙasar Yaman a shekara ta 817 ta Hijira, shi ya sa wa littafinsa na lugga suna Alƙamusul Muhiɗ, watau tekun da ya kewaye kome. Littafin ya shahara ƙwarai, har malaman ƙasar Hausa suka san shi tun da daɗewa, sunansa kuma ya zama sunan kowane littafi irinsa.

Ƙamusoshin Hausa na boko su ma suna da tarihi mai tsawo. Wani Bajamushe, J. F. Schon, ya buga nasa a London a 1876. Cikin waɗanda ya ɗebi Hausa daga bakinsu har da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda matafiyin nan Barth, da a ke kira Abdulkarim, ya tafi da shi Ingila a 1855. Bayansa C. H. Robinson ya fitar da nasa a 1899 zuwa 1900. A 1934 aka buga babban ƙamusun G. P. Bargery, mai kalmomi wajen 39,000, wanda ya kan nuna ko kalma ta Katsina ce, ko ta Sakkwato, ko ta wata ƙasa. A 1949 R. C. Abraham da Malam Mai Kano suka fitar da nasu. Neil Skinner ya yi ƙarami na aljihu a 1959, sa'an nan na Turanci zuwa Hausa a 1965, waɗannan kuwa sun yi wa 'yan makaranta amfani ƙwarai don sauƙin ɗauka. A 1977 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ta fitar da Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci, aikin Paul Newman da Roxana Ma Newman. A 2006 kuma cibiyar ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya ke bayyana Hausa da Hausa, ba tare da ratsawa ta Turanci ba. Ga yaron da bai fara jin Turanci ba, irin wannan shi ya fi dacewa a fara da shi.

Akwai wani abu da ya kamata malaman da suka yi karatun zaure su lura da shi. Ƙamusun Larabci ya kan tara kalmomi ƙarƙashin saiwarsu. Mai neman maktab ko kitab a cikin Alƙamusul Muhiɗ sai ya mai da su ga asalinsu, watau kaf da ta da ba, sa'an nan ya nemi babin harafin ƙarshe, ya shiga fasalin harafin farko. Ƙamusun boko ba haka ya ke ba. Kalma tana nan inda harafinta na farko ya ajiye ta: karatu tana cikin k, makaranta tana cikin m. Kada a gauraya wa yaro hanyoyin nan biyu a lokaci guda.

MATAKI NA ƊAYA: JERIN HARUFFA

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaci duk yaron da ya iya karatu ya san jerin haruffa. Yaron makarantar allo ya kan koyi babbaƙu da farfaru bisa yadda haruffa suka zo a cikin abin da aka rubuta masa a allo. Yaron firamare kuwa ya kan koyi haɗa gaɓa, ba be bi bo bu. Duka biyu suna iya karanta shafi guda sarai, amma in aka tambaye su tsakanin g da m wanne ke gaba sai su yi shiru. Ƙamus kuwa duk a bisa wannan jeri aka gina shi. Ga jerin na Hausa:

a b ɓ c d ɗ e f g h i j k ƙ l m n o r s sh t ts u w y 'y z

Sai malami ya nuna wa yara abu uku. Na farko, Hausa tana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka tsayar da rubuta su haka a shekarun 1930, kowanne kuwa yana bin bayan ɗan'uwansa marar lanƙwasa. Na biyu, sh da ts kowannensu sauti guda ne, ko da ya ke da haruffa biyu a ke rubuta shi. Na uku, jerin Turanci mai haruffa 26 yana da p da q da v da x, waɗanda babu su a jerin Hausa. A littattafan Jamhuriyar Nijar kuma a kan rubuta 'y da lanƙwasa, haka ƴ.

Wannan mataki ba ya bukatar littafi ko kuɗi. A yanka kwali ƙanana, a rubuta harafi ɗaya a kowanne, a raba wa yara, a ce su tsaya a jere bisa tsarin haruffansu. Wata rana a jera su da sunayensu, Amina gaba, sa'an nan Bala, da Ɗanladi, da Hadiza, da Ƙasimu, da Shehu, har zuwa Zainabu. In sun saba, sai malami ya riƙa kiran harafi daga tsakiya, ya ce wa ke gabansa, wa ke bayansa. Muddin yaro sai ya koma ga a ya ƙirgo kafin ya ba da amsa, to, bai nuna ba tukuna, a ƙara masa lokaci. Wannan shi ne aikin aji ɗaya da aji biyu, minti 10 kullum ya isa.

MATAKI NA BIYU: HARAFI NA BIYU, DA NA UKU, DA NA HUƊU

In kalmomi biyu suka fara da harafi ɗaya, sai a dubi na biyu. In shi ma ɗaya ne, a dubi na uku, haka har a sami inda suka rabu. Sunayen garuruwan da yaran Sabuwa suka sani sun isa a koyar da wannan duka.

Bakori da Sabuwa: harafin farko ya raba su, b tana gaban s.

Faskari da Funtuwa: farkonsu ɗaya, na biyu ya raba su, a tana gaban u.

Ƙafur da Ƙanƙara: sai a na uku suka rabu, f tana gaban n.

Ɗandume da Ɗanja: sai a na huɗu, d tana gaban j.

Haka kuma gajeriyar kalma tana gaban doguwar da ta fara da ita: gida tana gaban gidauniya, kai tana gaban kaifi.

A nan akwai wata matsala da ya wajaba malami ya sani kafin ya shiga aji. Ƙamusoshi ba su bi hanya ɗaya game da haruffa masu lanƙwasa ba. Na baya-bayan nan su kan ware su, a gama kalmomin d duka kafin a shiga ɗ. A irin wannan tsari Daura tana gaban Ɗandume, Katsina tana gaban Ƙafur. Tsofaffin kuwa su kan gauraya su wuri ɗaya, kamar lanƙwasar ba ta nan. A wannan tsari sai Ɗandume ta riga Daura, domin n tana gaban u, Ƙafur kuma ta riga Katsina, domin f tana gaban t. Haka sh da ts, wani ƙamus ya kan ba su babi nasu, wani kuma ya saka su cikin s da t. Saboda haka malami ya karanta gabatarwar ƙamusun da ke hannunsa, ya san tsarinsa, ya gaya wa yara. Sau da yawa yaro ya kan ce kalma ba ta cikin littafi, alhali kuwa tana nan, shafi kaɗan gaba.

Aikin aji uku ke nan. A riƙa rubuta kalmomi biyar ko shida a allo, na amfanin gona ko na kayan kasuwa, kamar masara, maiwa, dawa, dauro, auduga, alkama, yara su jera su a littafinsu.

MATAKI NA UKU: BUƊE LITTAFIN

Sai an gama waɗannan a ke sa wa yaro ƙamus a hannu, galibi a aji huɗu. In aka bar shi, zai fara daga shafin farko yana juyawa ɗaya-ɗaya har ya gaji. Sai a koya masa dabara biyu.

Ta farko, ya san inda haruffa suka faɗa a jikin littafin. In ya buɗe ƙamusun Hausa a tsakiya, zai sami kansa wajen k ko ƙ, domin kalmomin da suka fara da su suna da yawan gaske. Na e da o kuwa 'yan kaɗan ne. In na Turanci ne, tsakiyarsa wajen l ko m ta ke. Da haka zai gane mai neman ɓera ya buɗe can gaba, mai neman zomo ya buɗe can ƙarshe, kamar yadda mai shiga kasuwa ya ke sanin ɓangaren 'yan hatsi daban, na 'yan tireda daban.

Ta biyu, ya dubi kalmomin da aka buga a saman shafi. Yawancin ƙamusoshi su kan nuna kalmar farko da ta ƙarshe da ke cikin shafin. In saman ya nuna gada da gani, mai neman gajimare ya tsaya nan, mai neman garma ya wuce gaba. Ba sai ya karanta shafin duka ba.

In ƙamus ɗaya ne tak a makaranta, a raba yara ƙungiya-ƙungiya, huɗu ko biyar, littafin ya riƙa zagawa. Kowace ƙungiya a ba ta kalma uku, a ga wadda za ta riga samu. Malami ya kula kowane yaro ya taɓa littafin da hannunsa, mata da maza, kada masu ƙarfin baki su riƙe shi su kaɗai.

MATAKI NA HUƊU: ABIN DA KE GABAN KALMA

Samun kalma rabin aiki ne, saura karanta abin da aka rubuta a gabanta. Ƙamus ya kan nuna ko kalmar suna ce, ko aikatau, ko sifa. In suna ce ya nuna jinsinta, namiji ko mace, da jam'inta. Waɗannan bayanai a taƙaice a ke rubuta su, da harafi ɗaya ko biyu, fassararsu kuwa tana farkon littafin. Malami ya kwafe waɗanda aka fi amfani da su a kwali babba, ya rataye a bangon aji.

Sa'an nan akwai alamomin da a ke sa wa wasula. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna hawa da saukar murya, amma manyan ƙamusoshi suna nunawa, kowanne da irin alamarsa. Amfaninsu shi ne raba kalmomin da rubutunsu ɗaya, faɗinsu daban. Gari na mutane da gari na tuwo, tsawon wasali ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya, karin murya ya raba su. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Yaro Bahaushe ya san wannan bambanci a bakinsa tun yana goye. Abin da a ke so kawai ya gane cewa littafin ma ya sani, shi ya sa ya rubuta kalmar sau biyu ko sau uku a jere.

Lanƙwasa kuwa ba abin wasa ba ce, musamman ga mai aikin takarda. Kara na gona daban, ƙara ta gaban alƙali daban. Kafa da ƙafa, baki da baƙi, duk haka. Malamin da ya rubuta an ce mutum ya ɗaure, alhali abin da aka ce ya daure, ya juya maganar ubangidansa gaba ɗaya. Yaron da ya saba duba ƙamus tun yana ƙarami ba zai yi sakaci da wannan ba in ya girma ya kama alƙalami.

MATAKI NA BIYAR: MAI DA KALMA GA ASALINTA

Kalma ba kullum ta ke zuwa cikin magana da siffar da ƙamus ya ajiye ta ba. Yaro zai ga gidansu, ko rigarta, ko ƙasashen, ya nema ya rasa. Sai a koya masa ya cire abin da aka liƙa a ƙarshe, ya mai da jam'i tilo: gida, riga, ƙasa. Wasu jam'o'in sun yi nisa da tilonsu, har harafin farko ko na biyu ya sake. Tumaki daga tunkiya, awaki daga akuya, dawaki daga doki, duwatsu daga dutse, shanu daga sa da saniya, 'ya'ya daga ɗa. Aikatau ma haka: ya sayi doki, ya saye shi, abin da ya saya, duk kalma ɗaya ce, a kan same ta a ƙarƙashin saya. Wannan darasi shi zai taimake shi in ya shiga ƙamusun Turanci a aji biyar da shida, inda zai tarar ma'anar went tana wurin go, ta children tana wurin child.

Akwai kuma bambancin karin harshe. Rubutacciyar Hausa ta fi bin Kananci. Yaron da iyayensa suka zo daga arewacin Katsina ko Zamfara ya kan ce hwara, ko hwata, ko ɗiya, littafi kuwa ya rubuta fara, fata, 'ya. A nuna masa inda zai nema, amma kada a ce masa Hausar gidansu kuskure ce. Bargery da kansa ya tattara irin waɗannan kalmomi ya ajiye su da sunan ƙasarsu.

MATAKI NA SHIDA: ZAƁEN MA'ANA

Kalma ɗaya ta kan ɗauki ma'ana da yawa, rago kuwa ta farko ya ke ɗauka ya rufe littafi. A gwada wa yara da kalmar ci. Mutum ya ci tuwo, ya ci kasuwa, ya ci bashi, ya ci jarrabawa, ya ci sarauta, ya ci amana. Haka sha: a sha ruwa, a sha iska, a sha wahala, a sha kashi. In yara suka ga yadda wannan ya ke a harshensu, ba za su yi mamaki ba in sun tarar da shi a Turanci ko Larabci. Ƙa'idar ita ce yaro ya karanta ma'anonin duka, ya koma ga jimlar da ya tsinci kalmar, ya gwada kowace a gurbinta, ya ɗauki wadda ta zauna daidai. Daga nan ya ƙirƙiro jimla tasa da kalmar. In ya iya wannan, kalmar ta zama tasa.

ƘAMUSUN YARO NA KANSA

Kowane yaro daga aji uku ya ware littafin rubutu guda, ya ba kowane harafi shafinsa, ya riƙa shigar da sababbin kalmomi da ma'anarsu. Kalma biyar a mako ta isa. Wasu ya samo daga littafin karatu, wasu daga takardar da ke jikin buhun taki ko kwalbar maganin feshi, wasu kuma daga bakin manya a gida. Ya tambayi mahaifinsa bambancin firi da maimai da huɗa, da bambancin hauya da garma da magirbi. Ya tambayi kakarsa sunayen kayan saƙa da kaɗi, kamar mazari da abawa. Ya tambayi tsofaffi kuɗin da a ke kashewa kafin naira ta zo a 1973: taro kwabo 3, sisi kwabo 6, sule kwabo 12, fam sule 20. Ya tambayi mene ne jangali, wanda aka soke shi tare da haraji a tsohuwar Jihar Kaduna zamanin Gwamna Balarabe Musa, lokacin Katsina tana cikinta. Irin waɗannan kalmomi suna cike da tsofaffin takardun ofishin Hakimi, masu jinsu kuwa suna raguwa. In yaro ya kawo kalmar da ba ta cikin babban ƙamus, a yaba masa, a rubuta ta a littafin aji. Da irin wannan tambaya aka tara ƙamusoshin da a ke taƙama da su.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

1. Kulle ƙamus a kabad ɗin hedimasta don kada ya tsufa. Littafin da hannu ya tsofar ya biya kuɗinsa, wanda gara ta ci a kulle kuwa asara ce tsantsa.

2. Sa yaro kwafe shafin ƙamus don horo. Zai tashi yana ƙin littafin.

3. Sa yara haddace kalmomi a jere daga a zuwa z. Ƙamus na dubawa ne lokacin bukata.

4. Tsayawa a kowace kalma. Yaro ya fara gwada gane ma'ana daga maganar da ta kewaye ta, ya ci gaba da karatu, sa'an nan ya duba don ya tabbatar.

5. Jin kunyar dubawa a gaban yara. Malamin da ya ce bari a duba, ya buɗe littafi a gabansu, ya koya musu abin da ya fi ma'anar kalmar amfani.

6. Dogara ga waya ita kaɗai. Akwai ƙamusoshi a intanet, har na Bargery an sa shi, suna kuwa da amfani. Amma waya tana bukatar caji da kuɗi da sabis, fassarar na'ura kuma ta kan yi kuskure, musamman in an rubuta kalma ba lanƙwasa. Wanda ya iya littafi, waya ba za ta ba shi wuya ba, zai kuma gane in ta kauce.

ABIN DA A KE BUKATA GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Gudanar da makarantun firamare yana hannun hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma da ta Jiha, amma maganar Hakimi tana da nauyi ga iyaye da dagatai da masu unguwa, ba kuwa abin da ya kai ziyararsa ƙarfafa wa malamin ƙauye gwiwa. Ga abin da a ke roƙo:

1. Malamin Hakimi ya buɗe rajista, ya rubuta sunan kowace makaranta ta gunduma, da yawan ƙamusoshin da ke cikinta, na Hausa da na Turanci da na Larabci, da halin da su ke ciki. A sabunta ta sau ɗaya a shekara, a aika wa Sakataren Ilmi kwafi.

2. Inda babu ko ɗaya, Hakimi ya yi magana da dagaci da ƙungiyar iyaye da malamai, a yi karo-karo da kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo. A fara da ɗaya na Hausa da ɗaya na Turanci da Hausa. 'Yan kasuwa da ma'aikata 'yan asalin gari su ma a tuna musu.

3. A sa wa littafin bango mai ƙarfi, a rubuta sunan makaranta a ciki, a ajiye shi a akwatin ƙarfe saboda gara da ɗigar damina, a fito da shi kowace safiya.

4. In Hakimi ya ziyarci makaranta, ya kira yara uku na aji biyar, mace da namiji, waɗanda shi ya zaɓa da kansa. Ya ba na farko sunayen garuruwa biyar ya jera. Ya ba na biyu kalmar tumaki ya nemo. Ya ba na uku jimla mai kalmar kuka ya faɗi wace ma'ana a ke nufi. Wannan gwaji ba zai ci minti 15 ba, zai kuwa nuna gaskiyar aikin da a ke yi.

5. Inda aka rufe makaranta, ko mutane suka yi ƙaura zuwa cikin gari, kada a bar littattafai a kango. A danƙa su ga malami ko dagaci a rubuce, yara su ci gaba da amfani da su inda suka sauka.

6. Malamin Hakimi shi ma ya ajiye ƙamus a teburinsa, ya duba kafin ya aika da takarda. Ya kuma jera fayilolin ofis da sunayen masu gonaki bisa tsarin haruffa, domin neman takarda ya yi sauƙi ga wanda zai gaje shi.

Ba a ɗora waɗannan matakai a rana ɗaya, ko a zango ɗaya. Shekara shida ta firamare aka shimfiɗa su, kowanne yana hawa bisa na bayansa, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ana fata Hakimai za su sa a karanta wannan bayani a taron dagatai na gaba, su kuma sa malamansu su fara rajistar da aka ambata kafin ƙarshen zangon karatu.